Iyakar Ruwa da Iyakar Hukuma: Rabon Alƙaluma a Kan Taswirar Noman Rani ta Kura da Bunkure

 

Maganar da zan gabatar a yau ta shafi wani aiki da ake yi da kwamfuta cikin 'yan daƙiƙoƙi, wanda sakamakonsa kan shiga rahoto, rahoton ya shiga kasafin kuɗi, kasafin kuma ya ƙayyade buhunan takin da za a sauke a wani ƙauye da yawan ma'aikatan lafiyar da za a tura wani. Aikin shi ne ɗauko alƙaluman da aka tattara bisa wata iyaka, a mayar da su kan wata iyakar dabam wadda ta ratsa ta farkon. Abin da nake son tabbatarwa abu ɗaya ne: duk wanda ya yi wannan rabo ya yanke hukunci a kan inda mutane da amfanin gona suke, ko ya sani ko bai sani ba, kuma hukuncin da manhajar taswira take yankewa idan aka bar ta da kanta shi ne mafi rashin dacewa da ƙasar noman rani irin tamu.

Iyakokin da suka hau kan juna

Bari mu fara da ƙasar kanta. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, kuma daga ita ne ruwa yake gangarowa ta babban kanal, ya rabu zuwa reshen yamma da reshen gabas, ya shiga ƙananan magudanai har ya isa gonaki. Kashi na farko na Shirin Noman Rani na Kogin Kano an tsara shi ne a kan hekta 22,000, galibinsu a ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bunkure, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi. Injiniyoyin da suka shata shirin gangaren ƙasa suka bi, domin ruwan da nauyinsa yake tafiya, ba famfo ke tura shi ba. Saboda haka iyakar kowane sashe na shirin tana tsayawa ne inda ruwa ya daina hawa. Iyakar ƙaramar hukuma kuwa tarihin gundumomin hakimai da siyasar lokacin da aka ƙirƙire ta ne suka zana ta. Mazaɓun hukumar zaɓe, waɗanda suka kai 484 a Jihar Kano, suna da nasu layin. Ƙasar dagaci tana da nata, yankin da asibitin sha-ka-tafi yake ɗauka yana da nasa, haka ma yankunan ƙidaya na Hukumar Ƙidayar Jama'a. Gona guda a garin Kadawa tana iya kasancewa a cikin dukkan waɗannan iyakoki a lokaci ɗaya, alhali babu biyu daga cikinsu da suka yi daidai da juna.

Matsalar tana tasowa ne saboda kowace hukuma tana tattara bayani a kan nata layin. Hukumar kogi ta san hektar da ta sha ruwa da kuɗin ruwan da aka biya a kowane sashe. Hukumar ƙidaya ta san yawan mutane a kowace ƙaramar hukuma. Ma'aikatar lafiya ta san masu zazzaɓin cizon sauro da masu tsargiya da suka zo kowane asibiti. To amma tambayoyin da suka fi muhimmanci suna buƙatar a haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan: mutum nawa ne ke ci daga sashe kaza, shin tsargiya ta fi yawa a garuruwan da ke kusa da kanal, tan nawa na shinkafa Bunkure ta samar daga ruwan Tiga. Ba za a amsa ko ɗaya ba sai an kwashe lamba daga wata iyaka an zuba ta a wata.

Akwai kuma sauyin iyaka da zamani ya kawo. A watan Agusta na 1991 aka cire Jigawa daga Kano, a 1996 kuma ƙananan hukumomin Kano suka tashi daga 34 zuwa 44, cikinsu har da Garun Malam da aka yanka daga Kura. Ma'ana, Kura da aka ƙirga a 1991 ba ita ce Kura da aka ƙirga a 2006 ba, ko da yake sunan ɗaya ne. Ɗalibin da ya jera lambobin biyu a layi guda don ya auna haɓakar jama'a ya kwatanta ƙasashe biyu ne masu girma dabam, kuma duk abin da ya gina a kan wannan kwatanci ba zai tsaya ba.

Abin da manhaja ke yi idan aka bar ta

Manhajojin taswira da ɗalibanmu da ma'aikatanmu suke amfani da su, kamar QGIS da ArcGIS, da kayan lissafin ƙasa da ke cikin harsunan kwamfuta na R da Python, duka suna iya ɗora taswira ɗaya a kan ɗaya, su yanke inda suka haɗu, su auna faɗin kowane yanki. Hanya mafi sauƙi daga nan ita ce rabo bisa faɗin ƙasa: idan kashi 30 cikin 100 na mazaɓa ya faɗa cikin shirin noman rani, sai a ba shirin kashi 30 na duk abin da aka ƙirga a mazaɓar. Masana biyu, Michael Goodchild da Nina Lam, sun yi bayanin wannan hanya dalla-dalla tun a 1980, kuma har yau ita ce aka fi yi. Lissafin babu kuskure a cikinsa. Zaton da ke ƙarƙashinsa shi ne abin dubawa, domin hanyar tana ɗauka cewa mutane da shanu da kwandunan tumatir a shimfiɗe suke daidai wa daida a kan kowace hekta ta mazaɓar.

Mu gwada da misali na ƙaddarawa, ba lambobin wata mazaɓa ta zahiri ba. A ce mazaɓa tana da mutum 20,000, kuma kashi 30 na ƙasarta yana cikin shirin. Manhaja za ta ce mutum 6,000 ne ke zaune a cikin shirin. Sai dai ƙasar da ke cikin shirin gonaki ce da magudanai da hanyoyin tarakta, gidaje kuwa yawanci suna kan tudu, don haka mazauna ciki na iya zama 2,000 kacal. An ninka su sau uku ke nan. Yanzu a ce mazaɓar ta fitar da kwando 10,000 na tumatir a rani. Manhaja za ta ba shirin kwando 3,000, ta bar 7,000 a kan tudun da ba ya ganin ɗigon ruwa daga ƙarshen damina har zuwa farkon wata daminar. A zahiri kusan duka tumatirin daga gonakin da ke shan ruwa ya fito. Ku lura da abin da ya faru: ma'auni ɗaya, wato kashi 30, ya ƙara wa shirin mutanen da ba shi da su, ya kuma rage masa amfanin gonar da ya samar. Idan aka raba kwanduna a kan mutane don a san abin da kowa ya samu, kurakuran biyu za su haɗu su ninka juna. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon gona ya san wannan tun kafin kwamfuta ta zo: babu magajin da zai yarda a ce eka ta bakin kanal daidai take da eka ta kan tudu don kawai igiyar awo ta nuna faɗinsu ɗaya.

Alƙaluman ƙidayar 2006 ma sun nuna cewa ƙasar nan ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Kura tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 206 da mutum kusan 145,000. Garun Malam tana da kimanin 214 da mutum kusan 116,000. Bunkure tana da kimanin 487 da mutum kusan 171,000. Wato a Kura akwai wajen mutum 700 a kowane murabba'in kilomita, a Bunkure kuwa wajen 350. In aka haɗa faɗin ukun za a sami hekta fiye da 90,000, don haka ko da hekta 22,000 na shirin duka suna shan ruwa, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ba. Idan bambancin cunkoso tsakanin maƙwabta biyu ya kai ninki biyu, babu hujjar a ɗauka cewa a cikin kowace ɗayarsu komai daidai yake.

Akwai wani kuskuren kuma da ya fi wannan ɓoyuwa. Lambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda ake tarawa, kamar yawan mutane da buhuna da naira, waɗanda idan an raba yanki biyu su ma sai a raba su. Akwai kuma na ƙima, kamar tan a kowace hekta ko kashi nawa cikin ɗari na yara ke da tsargiya, waɗanda ba a raba su, matsakaici ake nema musu. Idan aka raba ƙimar tan 4 a hekta gida biyu don an yanka yankin biyu, an fito da lambar da ba ta nufin komai. Shi ma matsakaicin yana buƙatar nauyi. A ƙaddara wani yanki mai hekta 100 ya ba da tan 6 a hekta, wani mai hekta 400 ya ba da tan 3. Wanda ya haɗa 6 da 3 ya raba biyu zai sami 4.5, amma tan 600 da tan 1,200 a kan hekta 500 suna ba da 3.6 ne. Nauyin da ya dace kuma hektar da aka shuka ce, ba faɗin mazaɓa gaba ɗaya da makabartu da kasuwanni ba. Hanya mafi aminci ita ce a raba tan dabam, a raba hekta dabam, sannan a sake fitar da ƙimar a sabuwar iyaka.

Hanyar da ta fi

Maganin ba sabo ba ne. A 1936 wani masanin labarin ƙasa na Amurka, John K. Wright, ya zana taswirar mazauna wani yanki da ake kira Cape Cod, inda ya fara ware wuraren da ba kowa, sannan ya raba mutane a kan sauran gwargwadon yanayinsu. Wannan shi ne rabo bisa shaidar ƙasa: kafin a raba lamba, a nemo wata taswira ta uku da ke nuna inda abin da ake rabawa zai iya kasancewa. Idan mutane ake rabawa, shaidar ita ce taswirar gidaje da unguwanni. Idan amfanin rani ne, shaidar ita ce gonakin da suka yi kore a watan Fabarairu da Maris. Idan masu zuwa asibiti ne, shaidar ita ce garuruwan da suke fitowa da hanyoyin da suke bi. Kowace lamba da nata ma'aunin. A 1979 Waldo Tobler ya ƙara da wata ƙa'ida da ta kamata kowa ya riƙe: duk yadda aka sarrafa rabon, idan aka sake tara gutattsarin kowace ƙaramar hukuma dole su koma jimillar da aka fara da ita. Mutum 171,000 na Bunkure, bayan an rarraba su a sassa, su dawo 171,000, ba ragi ba ƙari.

Shaidar kuwa akwai ta a hannunmu. Tun daga wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna suka zana garuruwa da rugage na Jihar Kano daga hotunan tauraron ɗan Adam, saboda tsofaffin taswirorin hannu suna tsallake ƙauyuka, kuma wannan aiki na cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Shirin GRID3 ya ɗora a kan wannan, ya fitar da taswirar matsugunai da iyakokin mazaɓu, yayin da masu binciken WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila suke fitar da ƙiyasin jama'a a kan murabba'ai masu mita 100. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana ɗaukar hoton ƙasarmu kusan kowane kwana 5, a kan ƙwayar hoto mai mita 10, kuma kyauta ake sauke shi. A lokacin rani, lokacin da tudu ya bushe, gonar da ke shan ruwa ba ta ɓuya a irin wannan hoto.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce kurakuran suna cinye juna, abin da aka ƙara a nan an rage a can, jimilla kuma ba ta canza ba. Gaskiya ne jimillar jiha ba ta canzawa, amma ba a raba taki ko maganin tsargiya da jimillar jiha, a sashe da ƙauye ake raba su. Kuma kurakurai suna cinye juna ne idan sun faɗo ta ko'ina babu tsari. A nan kuwa gefe ɗaya suke karkata kullum, domin a kowace mazaɓa ruwa yana gangare, gidaje suna tudu. Stan Openshaw da Peter Taylor sun nuna girman haɗarin a 1979, lokacin da suka ɗauki gundumomi 99 na Jihar Iowa a Amurka suka yi ta sake haɗa su ta hanyoyi dabam-dabam: dangantakar da ke tsakanin yawan tsofaffi da yadda ake jefa ƙuri'a ta riƙa juyawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, alhali mutanen su ne dai, layi kawai aka motsa.

Wani kuma zai ce tunda tauraro yana ganin komai, a bar ƙidaya da rajista a dogara da hoto. Hoto yana nuna rufin ɗaki, ba ya faɗin mutum nawa ke kwana a ciki. Yana nuna gona ta yi kore, ba ya faɗin mai ita, ko aro ce, ko haya, ko jingina. Ƙiyasin da ake yi a kan murabba'ai shi ma rabo ne da wani ya riga ya yi bisa nasa zaton, kuma da yawansa yana komawa ga ƙidayar 2006, tunda wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Bugu da ƙari, inda mutum yake kwana dabam, inda yake noma dabam. Akwai mai gona a Kadawa da ke zaune a birnin Kano, akwai 'yan ƙwadago da ke zuwa tsinkar tumatir da yankan shinkafa su koma garuruwansu. An yi ƙidayar 2006 a watan Maris, tsakiyar rani, an kuma rubuta kowa a inda aka same shi. Tambayar waɗanda ke ci daga sashe kaza, rajistar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ce za ta amsa ta fiye da kowace taswira, kuma ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi na daga cikin manufofin shirin inganta noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Aikin hoto shi ne ya taimaka wa rabo, ba ya maye gurbin ƙirga.

Ja na uku shi ne mafi nauyi, kuma yana da gaskiyarsa. Mai shi zai ce rabo bisa faɗi kowa yana fahimtarsa, kowa na iya sake yin sa, amma da zarar an bar jami'i ya zaɓi shaidar da zai yi amfani da ita, an buɗe ƙofar son zuciya, kowa ya zaɓi ma'aunin da zai ƙara wa garinsu. Amsa ita ce rabo bisa faɗi shi ma zaɓi ne, yana kuma fifita wasu a kan wasu: yana ƙara wa yanki mai faɗi marar jama'a, yana rage wa ƙarami mai cunkoso. Bambancin kawai shi ne ba a ganin hannun wanda ya zaɓa. Abin da ke toshe son zuciya shi ne bayyanawa, a rubuta taswirar da aka yi amfani da ita da shekararta da ma'aunin da aka ɗauka, a kuma nuna sakamakon hanyoyin biyu gefe da gefe. Idan sun yi kusa, a ɗauki mai sauƙin. Idan sun yi nisa, nisan shi kansa labari ne da ya kamata mai yanke hukunci ya ji. Ban ce a jefar da rabo bisa faɗi ba. Yana da amfani inda yankunan da aka ɗauko lambar suka kasance ƙanana ƙwarai idan aka kwatanta da inda za a kai ta, ko inda ƙasar take iri ɗaya.

Akwai kuma mai cewa a daidaita iyakokin kawai a huta. Ƙananan hukumomi 774 suna rubuce a kundin tsarin mulki na 1999, sauya su ba ƙaramin aiki ba ne, kanal kuma ba zai hau tudu don ya bi iyakar mazaɓa ba. Matsalar ma ba ta tsaya a nan ba: ruwan da aka saki daga madatsun Tiga da Challawa yana ratsa Jigawa zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, ya shiga Yobe, kowace jiha kuma da nata alƙaluman. Iyakoki masu hawa kan juna za su ci gaba da zama tare da mu. Abin da ke hannunmu shi ne mu tattara bayani a mafi ƙanƙantar ma'auni, gona da gona, unguwa da unguwa, tare da lambobin da ke nuna wurin a doron ƙasa, ta yadda za a iya tara shi zuwa kowace iyaka ba tare da zato ba. Wannan ya zo da amana: sunan manomi da girman gonarsa da bashin kuɗin ruwansa su tsaya a ofishin da ya tattara, jimilla kawai za a fitar, bisa manufar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Kammalawa

Ga ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune gaban kwamfuta: kafin ku ɗora taswira a kan taswira, ku tabbata ma'aunin wurinsu ɗaya ne, domin tsofaffin taswirorinmu da aka zana a kan ma'aunin Minna suna iya gocewa da gomman mitoci daga na tauraro, kuma ku auna faɗi da mita a shiyyar awon taswira ta 32 ta arewa, ba da digiri ba. Ku bambance lambar tarawa da ta ƙima, ku nemi shaidar ƙasa ga kowace lamba, ku sake tara jimilla bayan rabo. Ga hukumar kogi da ma'aikatun gona da lafiya da hukumar taswirar ƙasa ta jiha: ku amince da taswira guda ta sassan shirin da ta mazaɓu, ku sa mata kwanan wata, ku ba jami'o'inmu ita. Ga iyayenmu hakimai da dagatai da shugabannin manoma: ku ne kuka san inda gari ya tsaya da inda ruwa yake kaiwa, don haka idan aka kawo muku lamba aka ce ta yankinku ce, haƙƙinku ne ku tambaya ko ƙirga ta aka yi a wurin, ko kuwa rabo aka yi, kuma da wane ma'auni. Jami'in da ya yi aikinsa da kyau zai amsa wannan tambaya cikin sauƙi, wanda ya kasa amsawa kuwa a mayar masa da rahotonsa ya sake.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.